Antonio de Nebrija, Malamin da Ya Ƙidaya Azuzuwan Kalmomin Sifaniyanci

Duk ɗalibin da aka taɓa miƙa wa jimla a ajin nahawu, aka ce ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya nuna suna ya nuna aikatau, ya san akwai kalmomin da kan ƙi zama a kowane aji. Wani ɗalibi yakan danna irin wannan kalma da ƙarfi cikin ajin da ya tarar a littafi, wani kuwa yakan tsaya ya tambaya ko littafin nan don wannan harshe aka rubuta shi. Antonio de Nebrija, mutumin ƙasar Sifen wanda ya rasu a shekarar 1522, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen koyar da nahawun Latin, amma ranar da ya juyo kan harshen da ya sha a nono sai ya ga mudun Latin bai auna shi daidai ba. Littafin da ya fitar a 1492 shi ne nahawu na farko da aka buga a maɗaba'a game da ɗaya daga cikin harsunan Turai da suka tsiro daga Latin.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haife shi a shekarar 1444 a Lebrija, wani gari da ke kudu da birnin Sebil, watau Ishbiliya ta littattafan Larabci, a yankin Andalus. Sa'ad da aka haife shi, Ishbiliya ta yi kusan shekara ɗari biyu da fita daga hannun Musulmi, domin a 1248 Kiristocin Kastil suka ci ta. Sunansa na yanka Antonio Martínez de Cala. Da ya girma sai ya ɗauki sunan garinsu kamar yadda Rumawa suka kira shi, watau Nebrissa, ya kuma ƙara wa kansa sunan Aelius wanda ya gani a rubuce bisa tsofaffin duwatsun Rumawa na yankin. Tun daga zaɓen suna ke nan mai karatu zai gane inda zuciyarsa ta karkata.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya tafi Jami'ar Salamanka, wadda ita ce babbar makarantar ƙasar a wancan zamani. Da Latin ake karatu, da shi ake muhawara, da shi ake shari'a da ibada a coci, amma Latin ɗin da ya ji a bakin malamansa bai gamsar da shi ba. Yara kan haddace wani tsohon littafin nahawu mai suna Doctrinale, wanda Alexander na Villedieu ya tsara a waƙe wajen shekarar 1200, su fito da baitoci fal a ka, amma ba sa iya rubuta wasiƙa mai tsabta. Tsara nahawu a waƙe ba baƙon abu ba ne ga ɗaliban ƙasar Hausa, tun da Alfiyyar da ake karantawa a zaurukan malamai haka take, kuma mai ita, Ibn Malik, ɗan Andalus ne daga garin Jayyan. Abin da Nebrija ya ƙi shi ne haddar da ba ta kai ɗalibi ga nassin marubutan farko.

Saboda haka ya ƙetara zuwa Italiya, inda a 1465 ya sami gurbi a kwalejin 'yan Sifen da ke Bolonya. A can ya tarar da masana sun koma ga rubuce-rubucen Rumawa na asali, suna tace Latin daga gurɓatar da ta taru a kansa shekaru aru-aru, bisa tafarkin Lorenzo Valla wanda ya rasu a 1457. Nebrija ya sha wannan ra'ayi har ya ƙoshi. Wajen 1470 ya komo gida ya yi shekara uku a hidimar Alonso de Fonseca, babban limamin cocin Ishbiliya, sa'an nan ya koma Salamanka a 1475, aka ba shi kujerar koyar da nahawu a shekarar da ta biyo.

Ya shiga jami'ar ne da niyyar yaƙi, bai kuwa ɓoye ba. A ganinsa jahilcin harshe shi ne tushen ɓarnar da ke cikin sauran fannoni, domin alƙalin da bai fahimci Latin ɗin littafin shari'a ba, da likitan da ya karanta sunan magani a karkace, da malamin addinin da ya juya ma'anar nassi, duk ciwo ɗaya ke damunsu. Irin wannan magana daga bakin malamin nahawu, wanda a wancan tsari shi ne ƙaramin malami mai koyar da sababbin shiga, ba ta yi wa manyan jami'a daɗi ba, kuma sun riƙe ta a zuci. A 1481 ya buga Introductiones latinae, littafin koyon Latin, kwafi dubu, suka ƙare nan da nan aka sake bugawa. Wannan littafi shi ya yi masa suna, shi ya ciyar da iyalinsa, domin ya riga ya yi aure, aure kuwa ya rufe masa ƙofar muƙaman coci da albashinsu.

Daga Latin Zuwa Harshen Gida

Sarauniya Isabela ta Kastil ce ta fara tura shi ga harshen gida, ko da yake ba da wannan nufi ba. Ta nemi ya sake fitar da littafin Latin ɗin da fassarar harshen Kastil daura da kowane layi, don mata masu zaman zuhudu a gidajen ibada su koyi Latin ba tare da sun zauna gaban malamai maza ba. Ya yi aikin wajen 1488. Wanda duk ya taɓa jera harsuna biyu kafaɗa da kafaɗa ya san abin da kan faru: wuraren da suka saɓa su ne suka fi fitowa fili.

A 1487 ya bar jami'a ya shiga gidan Juan de Zúñiga, shugaban rundunar mayaƙan addini ta Alkantara, wanda ya ɗauke masa nauyin ci da sha don ya zauna ya yi rubutu. Shekarun da ya yi a inuwar wannan mutum, har rasuwarsa a 1504, su ne mafi albarka a rayuwarsa. A cikinsu ya fitar da ƙamus na Latin zuwa Sifaniyanci a 1492, mai kalmomi kusan dubu ashirin da takwas, da na Sifaniyanci zuwa Latin wajen 1495. A cikin na biyun har da kalmar canoa, watau kwalekwale, wadda matuƙan jirgin Kolumbus suka kwaso daga bakin mutanen tsibiran Karibiyan shekara biyu ko uku kacal kafin nan.

An gama buga nahawun harshen Kastil a Salamanka ranar 18 ga Agusta 1492. Shekara ce mai nauyi. A ranar 2 ga Janairu birnin Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ya faɗa hannun Isabela da mijinta Farnando. A ƙarshen Maris aka sa hannu a dokar korar Yahudawa. A ranar 3 ga Agusta kuma Kolumbus ya tashi daga tashar Palos, kwana goma sha biyar kafin littafin ya fito.

Azuzuwa Goma

Littafin kashi biyar ne: ƙa'idojin rubutu, gaɓa da ma'aunin waƙa, azuzuwan kalmomi, ginin jimla, sai kuma taƙaitaccen darasi domin baƙi masu koyon harshen. A kashi na farko ya kafa ƙa'idar cewa rubutu ya bi furuci, kowane sauti da harafinsa, ya kuma ƙidaya sautuka ashirin da shida. Akwai waɗanda ya ɗauka daga Larabawa da Yahudawa aka aro su, tun da bai same su a Latin ba, amma masana na baya sun nuna cewa daga sautukan Latin ɗin suka rikiɗo. Kashi na uku shi ne zuciyar aikin.

Tun zamanin Donatus, a ƙarni na huɗu, makarantun Turai sun tsaya a kan cewa azuzuwan kalmomi takwas ne: suna, wakilin suna, aikatau, bayanau, sifa 'yar aikatau, mahaɗi, harafi irin su a da daga, da kalmar motsin rai. Sifa ba ta da aji nata, a ƙarƙashin suna take. Lissafin ya zauna daram kamar yadda rabon nan uku na suna da fi'ili da harafi ya zauna a nahawun Larabci. Nebrija ya zo ya ce na harshen Kastil goma ne. Ya mayar da motsin rai cikin bayanau kamar yadda Girkawa suka yi, saura bakwai, sa'an nan ya ƙara uku.

Jimla ɗaya ta isa ta nuna dalilinsa. A ɗauki La mujer ha comprado los libros, ma'ana matar ta sayi littattafan. Mujer da libros sunaye ne, babu gardama. La da los fa? Latin ba shi da irinsu ko kaɗan, alhali a Sifaniyanci da wuya a yi jimla biyu ba su fito ba. Su ne ke fayyace suna, kusan aikin da alif da lam ke yi a Larabci, ko madanganci a Hausa cikin matar da littattafan, sai dai su a gaban suna suke zuwa, suna nuna jinsi da adadi. Nebrija ya ba su aji nasu, ya lissafa el da la da lo. Ƙari na farko ke nan.

Na biyu shi ne sigar aikatau mai ƙarewa da -ando ko -iendo, kamar comprando, wadda ke nuna aiki yana gudana: está comprando, tana cikin saye. Na uku ya fi kowanne nuna kaifin idonsa. Kalmar comprado a jimlar da ke sama ta yi kama da sifa 'yar aikatau, irin sayayye a Hausa, kuma malamin Latin zai jefa ta can bai waiwaya ba. To amma sifa 'yar aikatau tana bin jinsi da adadin sunan da take siffantawa: libro comprado, casa comprada, libros comprados, daidai da sayayye, sayayyiya, sayayyu. Wadda ta biyo bayan ha kuwa ba ta motsi. Mace ce ta saya ko namiji, gida ɗaya aka saya ko littattafai goma, comprado dai take. Nebrija ya lura cewa kalmar da ba ta sauya siga ba za ta zama aji ɗaya da mai sauyawa ba, ya kuma lura cewa Girkanci da Latin duk ba su da ita. Sai ya ƙirƙira mata suna, nombre participial infinito, ya ba ta aji na goma. Masu nahawu na baya ba su riƙe wannan aji ba, sun mayar da kalmar cikin sifa 'yar aikatau suna cewa a nan ba ta sauyawa. Sunan ya mutu, amma bambancin da ya hango yana nan a kowane littafin koyon harshen.

A sarrafa aikatau ma haka ya yi. Aikataun Sifaniyanci a ƙeyarsa yake ɗauke da mai aiki da lokaci: compro ina saye, compras kana saye, compra yana saye, compramos muna saye, compran suna saye. Abin da Hausa ke ajiyewa gaban aikatau a matsayin lamiri, su sun liƙa shi a baya. Latin yana da rukunin sarrafawa huɗu, Nebrija ya ce nasu uku ne, masu ƙarewa da -ar da -er da -ir. Ya raba lokuta biyar, ya raɗa musu sunaye da harshen gida maimakon aro daga Latin: mai ci, shuɗaɗɗen da bai kammala ba, shuɗaɗɗen da ya kammala, wanda ya riga wani kammala, da mai zuwa. Ya nuna cewa abin da Latin ke faɗa da kalma ɗaya, kamar amor, ana so na, Sifaniyanci sai ya yi kewaye da kalma biyu, soy amado.

Gano asalin lokaci mai zuwa shi ne abin da masana tarihin harshe suka fi yaba masa. Compraré, zan saya, a ido kalma ɗaya ce. Nebrija ya ce biyu ne suka manne, comprar da he, watau saye da ina da, kamar a ce ina da saye a gabana. Hujjarsa ita ce a zamaninsa ana iya cusa wakilin suna a tsakaninsu, a ce comprarlo he, zan saye shi, abin da ba zai yiwu ba in da kalmar guda ce tun asali. Binciken ƙarni na goma sha tara ya tabbatar da haka ga Faransanci da Italiyanci ma. Ɗalibin Hausa zai tuna da za ta lokaci mai zuwa, wadda ake dangantawa da za ta tafiya a cikin za ni kasuwa.

Amma fa bai kuɓuta daga Latin gaba ɗaya ba. Bayan ya amince cewa sunan Sifaniyanci ba ya sauya ƙarshe gwargwadon matsayinsa a jimla, sai kuma ya jera masa matsayi biyar irin na Latin, yana cike gurbin da haruffa kamar de da a. Haka nan ya ware wa fata da buri wani yanayin aikatau na dabam, alhali siffofinsa ɗaya ne da na yanayin da ke rataye da wata jimla. Wannan rauni ne, sai dai irin raunin da ake gani a kusan kowane nahawu na farko. Wanda ya duba nahawun Hausa da J. F. Schön ya buga a 1862, ya kwatanta shi da rabon aikatau giredi-giredi da F. W. Parsons ya fitar a 1960, zai ga tsawon lokacin da harshe kan jira kafin a auna shi da nasa mudu.

Harshe da Mulki

Gabatarwar littafin ta fi littafin kansa shahara, kuma a nan ne ake jayayya a kan Nebrija. Ya sadaukar da aikin ga Isabela, ya gina maganarsa a kan cewa harshe da mulki tare suke tashi, tare suke faɗuwa, ya kawo misalin Ibraniyawa da Girkawa da Rumawa. Ya ba da labarin cewa da ya nuna wa sarauniya somin aikin a Salamanka, ta tambayi amfaninsa. Kafin ya buɗe baki sai Hernando de Talavera, limamin Abila, ya amsa cewa al'ummomin da za ta ci da yaƙi za su bukaci dokokinta, da dokokin kuma harshenta. Nebrija bai ƙi wannan amsa ba, hasali ma ya rubuta ta da alfahari. Bai san da wata nahiya a yammacin teku ba, domin Kolumbus bai isa ba tukuna. Waɗanda ke gabansa su ne Musulmin Garnada da na arewacin Afirka. Ba adalci ba ne a ɗora masa duk abin da ya faru a Amurka daga baya, amma kuma ba za a ce bai san nahawu na iya zama kayan sarauta ba.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Littafin da ya bi rundunonin Sifen ƙetare shi ne na Latin, tare da ƙamus. A 1505 Pedro de Alcalá ya ɗauki jerin kalmomin ƙamus ɗin ya sa musu Larabcin Garnada, don masu wa'azin Kirista. Alonso de Molina ya yi haka da harshen Nahuwatil na Meziko a 1555, Domingo de Santo Tomás kuma ya fitar da nahawun Kecuwa na Peru a 1560 bisa tsarin littafin Latin na Nebrija. Watau mudun da ya ga bai cika harshensa ba, shi aka ɗauka da sunansa aka riƙa auna harsunan wasu.

Rigima da Tsufa

Bayan rasuwar Zúñiga ya koma Salamanka a 1505, ya kuma sa hannu a aikin da ya jawo masa masifa. Ya riƙa kwatanta fassarar Baibul ta Latin da nassin Ibrananci da na Girkanci, yana nuna kurakuran da masu kwafi suka shigar. Diego de Deza, shugaban kotun binciken aƙida, ya sa aka ƙwace takardunsa, a kan cewa malamin nahawu ba shi da hurumi a littafin addini. Nebrija ya mayar da martani da ɗan littafi mai suna Apologia, inda ya kare haƙƙin mai ilimin harshe na gyara harafi ko da a ina yake. Ya tsira ne saboda a 1507 an sauke Deza, Kadinal Cisneros wanda ke mutunta shi ya hau kujerar. Cisneros ya jawo shi cikin masanan da ke shirya Baibul mai harsuna da yawa a sabuwar Jami'ar Alkala, amma nan ma bai daɗe ba. Shi yana son a gyara Latin ɗin bisa nassin asali, Kadinal yana son a tsaya ga tsofaffin kwafin Latin, sai ya janye.

Wulaƙanci mafi zafi a Salamanka ya same shi. A 1513 babbar kujerar nahawu ta zama babu kowa, ya nema. A al'adar jami'ar ɗalibai ke jefa ƙuri'a, suka zaɓi wani matashi mai suna García del Castillo, suka bar dattijo ɗan shekara kusan saba'in, alhali littafin da za a koyar a kan kujerar nasa ne. Ya bar garin bai sake komawa koyarwa can ba. Cisneros ya ba shi kujerar balaga a Alkala, da sharaɗin ya karantar da abin da ya ga dama, in bai so ba ma ya huta, albashinsa na nan. Bai huta ba. A 1517 ya buga ƙa'idojin rubutun harshen Kastil, yana maimaita kiran da ya yi shekara ashirin da biyar baya, wanda ba a saurara ba. Ya rasu a Alkala a watan Yuli 1522, aka binne shi a ɗakin ibadar jami'ar.

Littafin Latin ya ci gaba da mulkin makarantu, har a 1598 dokar sarki ta mayar da wani gyararren bugunsa littafin da aka yarda a koyar da shi a Kastil. Nahawun harshen gida kuwa bugu ɗaya ya samu a rayuwar mai shi. Juan de Valdés, wanda ya yi rubutu kan harshen wajen 1535, ya kushe Nebrija da cewa ɗan Andalus ne, bai iya Kastilancin fada ba. Ɗansa Sancho ya kafa maɗaba'a a Garnada yana ta buga littattafan uban, bai haɗa da wannan ba. Sai a tsakiyar ƙarni na goma sha takwas aka sake buga shi, bayan fiye da shekara ɗari biyu da hamsin, kuma wanda ya buga ya bar shekarar 1492 a jikinsa, kamar dai kwafin asali ne.